Yadda Ake Neman Ƙarin Albashi Idan Sharuɗɗan Aikinka Ba Irin Na Kowa Ba Ne

Wani ƙanina yana koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta. Shekararsa huɗu a wurin, kuma albashin da aka yanka masa ranar da ya kama aiki shi yake karɓa har yau. In an tafi dogon hutu ba a biyan watan Agusta, wai ai ba a shiga aji ba. In ya makara da minti goma a cire masa naira dubu ɗaya. Wata rana bayan Magariba ya same ni a ƙofar gida, ya zauna a bakin tabarma yana jujjuya wayarsa, can ya ce, "Yaya, wai doka ba ta ce a riƙa yi wa ma'aikaci ƙari duk shekara ba?"

Amsar da na ba shi ba ta yi masa daɗi ba. A Najeriya babu dokar da ta tilasta wa mai kamfani ko mai shago ya riƙa ƙara albashi kowace shekara, ko don kaya sun yi tsada, ko don ma'aikaci ya daɗe. Amma wannan rabin zancen ne. Akwai ƙofofin da ƙari yake zama haƙƙi, kuma akwai kuɗin da mutane da yawa suke roƙo da sunan ƙari alhali bashi ne suke bi. Wanda bai bambance haƙƙinsa da abin da zai yi ciniki a kai ba, zai je yana lallashi a inda ya kamata ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma ɗaga murya a inda lallashi ne kaɗai zai yi aiki. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Da farko, gane wane irin ma'aikaci ne kai

Yawancin mutanenmu ba su da takardar ɗaukar aiki. Da baki aka yi, sau da yawa ta hannun wani ɗan uwa: "Ka zo ka fara gobe, za mu ga abin da za a riƙa ba ka." Kada wannan ya karya maka gwiwa. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 91, ta amince da yarjejeniyar aiki ko ta baki ce ko a rubuce. Sashe na 7 kuma ya ɗora wa wanda ya ɗauke ka aiki nauyin ba ka takarda cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin, yawan albashi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, hutu, da notis ɗin rabuwa. Ke nan in ka shekara biyu babu takarda, gazawar tasa ce.

Sai dai dole ka san rukuninka, domin kowane da hukuncinsa. Akwai mai albashin wata da yake aiki cikakken lokaci. Akwai ma'aikacin wucin gadi da ake sallama duk bayan 'yan watanni a sake ɗauka don kada ya zama na dindindin, abin da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta daɗe tana yaƙi da shi. Akwai wanda kamfanin 'yan kwangila ya ɗauka ya tura shi aiki wani wuri, kamar masu gadi da masu shara a bankuna. Akwai mai cin kamasho, akwai mai aikin jinga da ake biya gwargwadon buhunan da ya ɗinke ko bulon da ya buga. Akwai kuma yaron shago da yake zaune da ubangidansa bisa alkawarin sallama da jari bayan wasu shekaru, da direban Adaidaita Sahu da yake kawo balas kullum. Waɗannan biyun na ƙarshe ba albashi ne tsakaninsu da mai dukiya ba, don haka maganarsu ta alkawari ce da shaidu, zan dawo kanta.

Wani abu kuma: ma'anar "ma'aikaci" a Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su likita ko injiniya ba sa cikinta, su yarjejeniyar da suka sa wa hannu ce madogararsu a gaban kotu.

Na biyu, auna albashinka da mafi ƙarancin albashi

Wannan ita ce ƙofa mafi ƙarfi. A 1981, zamanin Shagari, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne. Ya kai 18,000 a 2011, Buhari ya sa hannu a kan 30,000 a watan Afrilun 2019, sannan Tinubu ya sa hannu a kan 70,000 a watan Yulin 2024. Gyaran 2024 ya kuma rage wa'adin sake duba adadin daga shekara biyar zuwa uku. Dokar ta shafi gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu, kuma ta ce duk yarjejeniyar da aka ƙulla a kan biyan ƙasa da wannan adadi ba ta da inganci. Ko da ka sa hannu da kanka a kan 40,000, sa hannun bai goge haƙƙinka ba.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Dokar ta cire wasu daga ciki: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, masu aikin da bai kai sa'a 40 a mako ba, masu kamasho ko jinga, da masu aikin da ke bin yanayi kamar noman damina. Wannan togaciya ta ma'aikata 25, a ganina, ita ce babbar ɓarakar dokar, domin a nan talakawa suka fi yawa: mai aikin gida, yaron kemis, mai POS, maigadin gidan mutum ɗaya. Duk suna waje.

Abin da za ka yi shi ne ka ƙirga. Ka zauna da biro ka lissafa duk wanda ake biya a wurin, har da direba da mai shara da ma'aikatan sauran rassa in mamallaki ɗaya ne kuma kamfani ɗaya. Da muka yi wa ƙanina wannan lissafi, tsakanin firamare da sakandare da masu gadi da masu raino mun samu mutum 31. Nan take zancen ya sauya. Abin da ke tsakanin albashinsa da 70,000 ba ƙari ba ne, cikon haƙƙi ne. In kuwa kamfanin 'yan kwangila ne ya turo ka, ma'aikatan kamfanin da yake biyanka za ka ƙirga, ba ku huɗu da kuke tsaye a ƙofa ɗaya ba.

Kada ka rikita wannan da adadin da jihohi suka sanar a 2024, kamar 71,000 a Kano ko 85,000 a Legas. Waɗannan na ma'aikatan gwamnatocin jihohin ne. Kana iya kafa hujja da su wajen ciniki, amma abin da doka ta ɗora wa kamfani shi ne na ƙasa baki ɗaya, wato 70,000.

Na uku, nemo alkawarin da aka taɓa yi

In akwai takarda, karanta ta layi-layi, kuma ka nemi littafin ƙa'idojin aiki in kamfanin yana da shi. Kalma ɗaya tana raba gardama. In an rubuta cewa za a ƙara kashi kaza bayan kammala lokacin gwaji, wannan alkawari ne da kotu za ta iya tilastawa. In kuwa an rubuta cewa kamfani "yana iya" duba albashi gwargwadon yadda ya ga dama, to ba a ɗaure kowa ba.

Lokacin gwaji wata dabara ce da ake yawan cutar mutane da ita. A ce wata shida ne a kan rabin albashi, sai shekara ta zagayo ba a ce ka tafi ba, ba a kuma ba ka takardar tabbatarwa ba. Kotuna a ƙasar nan sun sha ɗaukar cewa wanda aka ci gaba da amfana da aikinsa bayan wa'adin gwajin ya cika, tamkar an tabbatar da shi ne. Saboda haka ka nemi cikakken albashin da aka ambata, da ariyas, wato cikon da ba a biya ka ba, tun daga watan da gwajin ya ƙare.

In akwai ƙungiyar ma'aikata a wurin, tambayi shugabanninta ko akwai yarjejeniyar da suka ƙulla da masu kamfani a kan albashi. Ma'aikacin gwamnati kuwa nasa a bayyane yake: akwai matakin shekara-shekara a cikin kowane lebul, sannan a ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ana cancantar neman ƙarin girma bayan shekara biyu ga mai lebul 06 zuwa ƙasa, shekara uku ga lebul 07 zuwa 14, shekara huɗu ga lebul 15 zuwa 17. Cancanta ce, ba tabbas ba, domin akwai jarrabawa da batun gurbi.

Na huɗu, lissafa abin da ake zaftare maka

Nan nake so a tsaya sosai, domin sau da yawa kuɗin da ke zurarewa ta nan ya fi ƙarin da mutum yake mafarki.

Tarar makara da ake cirewa kai tsaye: sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire kuɗi daga albashi da sunan tara. In ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Kuma duk abin da za a cire a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Mai gidan man da yake ɗora wa yaron famfo duk wata giɓi ba tare da bincike ba, har yaron ya tashi da 'yan canji a ƙarshen wata, ya saɓa wa wannan.

Hutu: sashe na 13 ya ba mai aikin sa'a shida ko fiye hutun da bai gaza sa'a guda ba a rana, da yini guda cur a kowane kwana bakwai. Aikin da ya wuce sa'o'in da aka yi yarjejeniya a kansu obataim ne, sai dai dokar ba ta yanke farashinsa ba, ku ne za ku daidaita. Wanda ya cika wata 12 yana da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Rashin lafiya da shaidar likita, har kwana 12 a shekara ana biya. Mace mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, kuma in ta yi wata shida a wurin ba za a ba ta ƙasa da rabin albashi ba. Mata da yawa a makarantu da asibitoci masu zaman kansu suna tafiya haihuwa su dawo su tarar an maye gurbinsu, ba su san dokar ta hana a ba su notis ɗin kora a cikin wannan hutu ba.

Fansho: a dokar 2014, kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye zai zuba kashi 10 na albashin, ma'aikaci ya zuba kashi 8. In ana cire naka, duba asusunka ka ga ko yana shiga. Kuɗin inshorar rauni a wurin aiki da ake biya ga hukumar NSITF, kashi ɗaya na jimillar albashi, mai aiki ne ke biyansa daga aljihunsa, ba daga naka ba.

Sai ka mayar da albashinka zuwa sa'a, abin zai ba ka mamaki. Maigadin da ke karɓar 50,000 yana tsayuwar sa'a 12 na kwana 26 ya yi sa'a 312 a wata, wato kusan naira 160 kowace sa'a. Mai 70,000 a kan sa'a 40 a mako yana samun kimanin naira 400. Wannan lissafi ya fi kowane kuka tasiri a kunnen mai kuɗi, domin harshensa ne.

Rage albashi kuwa ba tare da yardarka ba karya yarjejeniya ne. In an yi maka haka, rubuta takarda ko saƙo a ranar cewa ba ka amince ba, ka ajiye kwafi. Yin shiru wata da watanni ana iya fassara shi da yarda.

Na biyar, tara shaida tun kafin ka buɗe baki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Je banki ka karɓi bayanin asusunka na shekara guda ko fiye, inda alat ɗin albashi yake fitowa da sunan mai turowa. In a hannu ake ba ka, sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da adadi da wanda ya miƙo maka. Ɗauki hoton rajistar sa hannu, da jadawalin aiki, da katin shaidarka. Saƙonnin WhatsApp da oga ya ce maka "ka yi haƙuri, bayan Sallah za mu ƙara" kada ka goge su, ka tura su wani wurin ajiya. Kada ka ɗauki takardun sirrin kamfani da ba su shafe ka ba, wannan zai iya juyewa a kanka. In kuma an karɓi ainihin takardun makarantarka an riƙe a matsayin jingina, nemi a dawo maka da su a musanya da kwafi kafin ka tayar da maganar kuɗi, don kada a ɗaure ka da su.

Na shida, zaɓi lokaci, ka je da adadi

Idan abin da kake nema ba haƙƙin doka ba ne, ciniki ne, kuma ciniki yana da lokaci. A makaranta, makon da iyaye suka gama biyan kuɗin zango, musamman in an ƙara musu kuɗin. A shago, bayan cinikin Sallah. A kamfani, kafin a rufe kasafin sabuwar shekara. Kada ka tare maigida a gaban baƙi ko a gaban sauran yara, ko da zai iya, girman kai zai hana shi. Nemi ganinsa shi kaɗai.

Kada ka ce "a taimaka a duba ni". Wanda ya ce a duba shi, dubu biyu ake ƙara masa a ce an duba. Faɗi adadi, ka kuma faɗi dalilinsa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da abinci suka yi, kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a 2024. Mai albashin 60,000 a farkon irin wannan shekara sai ya samu kusan 80,000 a ƙarshenta kafin ya sayi abin da yake saya a da. Gwamnatin tarayya da kanta ta ba ma'aikatanta ƙarin 35,000 na wucin gadi a ƙarshen 2023 saboda wannan dalili. Amma kada ka tsaya a kan tsada kaɗai, domin maigidan ma zai ce dizal ya cinye shi, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Kawo abin da ka ƙara wa wurin.

Ga yadda ƙanina ya faɗa, bayan mun maimaita sau uku a tsakar gida: "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar albashina. Lokacin da na fara aji biyu nake ɗauka, yanzu biyar ne, kuma ni nake shirya 'yan aji shida jarrabawa. Shekara huɗu albashin bai motsa ba. Ina roƙon a mayar da shi 80,000 daga wata mai zuwa, a kuma riƙa biyan watan hutu. Ina son wurin nan, shi ya sa na zo gare ka kai tsaye." Ya faɗa ya yi shiru. Shirun nan yana da muhimmanci, kada ka cike shi da ba da haƙuri.

In an ce babu hali, kada ka tashi hannu rabbana. Nemi alawus ɗin mota, ko abincin rana, ko rage sa'o'i don ka samu damar wata sana'a, ko rangwamen kuɗin makarantar 'ya'yanka, ko a raba ƙarin gida biyu. Kuma ka tambayi rana: "Yallaɓai, wane wata zan dawo?" Duk abin da aka amince, tura saƙon godiya a daren mai ɗauke da adadin da ranar farawa. In ya amsa da "to, madalla" ma ka samu shaida.

Ga yaron shago da mai balas, hanyar ita ce zaman dattawa. A kira wanda ya kawo ka da wani da maigidan yake jin nauyinsa, a fayyace shekarar sallama da abin da za a bayar, a rubuta, shaidu su sa hannu. Mutane suna ganin rubutu kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Hadisin da ya ce a bai wa ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe kuma kowane ɗan kasuwa ya san shi. Na ga samarin da suka yi shekara goma a kanti, maigida ya rasu, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba.

Na bakwai, idan haƙƙi ne kuma an hana

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In matsalar ta shafi kowa, ku rubuta takarda ɗaya ku sa hannu gaba ɗaya, ya fi wuya a kori mutum ashirin a kan a kori ɗaya. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ku 'yancin shiga ƙungiya, kuma Dokar Ƙwadago ta hana a kori mutum saboda shigarsa ƙungiyar ma'aikata ko a sa masa sharaɗin kada ya shiga.

In takarda ba ta yi ba, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku. Jami'an ƙwadago suna gayyatar ɓangarorin biyu su sasanta, kuma masu kamfani da yawa suna saukowa da zarar sun ga takardar gayyata. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ke sauraron koke kyauta har a kan kamfanoni masu rajista, amma kada ka bari shekara ta wuce kafin ka kai. Matakin ƙarshe shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un aiki ita kaɗai. Tana zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu garuruwan, tana kuma da sashen sulhu. Shari'a tana cin lokaci da kuɗin lauya, saboda haka ka auna abin da kake bi da abin da za ka kashe, kuma ka tuntuɓi ofishin NLC na jiha ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a kafin ka shigar.

Dole in faɗi gaskiya: wanda ya ɗauke ka aiki yana iya sallamarka da notis bayan ka tayar da magana, ko da bai ambaci dalilin ba. Shi ya sa nake ba da shawarar ka fara leƙa wasu wuraren a asirce, ka san nawa ake biyan irinka, kafin ka shiga ofishin oga. In rabuwar ta zo, daga gare ka ko daga gare shi, sashe na 11 ya tsara mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama, ko a biya kuɗin wannan lokaci a madadinsa. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce an biya ka dukkan haƙƙoƙinka sai ka ga kuɗin a asusunka, har da albashin kwanakin da ka yi a watan ƙarshe da ariyas ɗin da kake bi.

Ƙanina bai samu 80,000 ba. An mayar da shi 70,000, an daina cire tarar makara, maganar watan Agusta kuma mai makarantar ya ce a bari sai zangon farko na sabuwar shekara. Ƙanina ya tura masa saƙo a daren da adadin da watan, ya amsa, kuma malamai shida sun riga sun ce za su shiga tare da shi ranar da za a koma kan maganar hutun.